Tsutsar Da Ke Barin Ƙofa A Buɗe: Yadda Ake Ƙwace Kwamfuta Mai Ita Na Zaune A Gabanta

A watan Satumban 2023, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Faransa mai suna Sekoia ya biya dala 7 ya karɓi wani adireshin intanet da masu shi suka watsar. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Amma ana ɗora na'ura a kan adireshin sai saƙonni suka fara kwararowa daga ko'ina a duniya: kwamfutoci ne ke sallama, kowace na sanar da cewa ga ta nan, tana jiran umarni. Kullum sai an sami adireshi daban-daban tsakanin 90,000 zuwa 100,000 sun yi wannan sallama. Cikin wata shida jimillarsu ta haura miliyan 2.5, daga ƙasashe fiye da 170. Da kamfanin ya fitar da rahotonsa a watan Afrilun 2024, Najeriya ce a sahun gaba, tare da Indiya da Sin da Iran da Indunusiya.

Masu kwamfutocin ba su suka aiko da sallamar ba, yawancinsu ba su ma san ana yi ba. Wata muguwar manhaja ce maƙale a cikin na'urorinsu, reshe daga PlugX, kayan leƙen asirin da masana suka sani tun wajen 2008. Masu bincike sun jingina wannan reshen ga ƙungiyar masu kutse da ake kira Mustang Panda, wadda gwamnatin Amurka ta ce Sin ce ke ɗaukar nauyinta. An sake shi wajen 2020, ya yi ta yaɗuwa da ƙafarsa, daga baya waɗanda suka sake shi suka bar adireshin da suke ba da umarni ta cikinsa. Sai dai ba wanda ya gaya wa kwamfutocin. Kamar garken da makiyayinsa ya gudu ne, yamma na yi dabbobin su gangaro rijiyar da suka saba, kuma duk wanda ya riga zama a bakin rijiyar, garke ya zama nasa. Sa'a aka ci masu bincike ne suka riga kowa zama.

Adireshi miliyan 2.5 ba ya nufin kwamfuta miliyan 2.5 cif-cif. Kwamfuta ɗaya kan canza adireshi sau da yawa, musamman mai hawa intanet ta layin waya, sannan ofis mai kwamfuta hamsin kan fita duniya da adireshi ɗaya tak. Duk da haka matsayin Najeriya bai ba masana mamaki ba, domin tun watan Maris na 2023 kamfanin Sophos na Birtaniya ya ba da rahoton ganin wannan tsutsa, wato manhaja mai yaɗa kanta, a Najeriya da Ghana da Zimbabwe da Mongoliya da Papua New Guinea.

Filashin da ya kamu da shotkot

Duk wanda ya saba kai aiki shagon buga takardu a bakin jami'a ko sakatariya ya san abin. Ka ba da filashinka a fitar maka da takarda, ka koma gida ka soka a kwamfutarka, sai ka tarar fayilolinka sun ɓace, ba komai sai wata alama guda mai ɗan kibiya a gindinta, ɗauke da sunan filashin. Ka latsa ta, sai ga takardunka sun bayyana lafiya lau. Ka yi ajiyar zuciya, ka ci gaba da harkarka. Ɗalibai da masu gyara suna kiran wannan bairos ɗin shotkot, kuma akasari ana ɗaukarsa fitina ce ƙarama.

Tsutsotsi da dama na amfani da wannan dabara, PlugX na cikinsu. Abin da take yi shi ne ta kwashe fayilolin mai filashi ta zuba su a wata jaka da sunanta ba ya bayyana, ta ɓoye kanta a wata jakar mai kama da kwandon sharar Windows, sannan ta ajiye shotkot ɗin nan a fili. Latsawar da ka yi aiki biyu ta yi. Ta nuna maka takardunka don hankalinka ya kwanta, ta kuma tayar da tsutsar. Wayonta ma ya wuce nan, domin ba ta tashi da sunanta. Tana tafe da wata halattacciyar manhaja ta wani sanannen kamfani, wadda Windows ya yarda da ita, sai ta ajiye gurɓataccen fayil a gefenta da sunan fayil ɗin da manhajar ta saba nema. Manhajar kirki ita ke ɗauko mugu da hannunta ta shigar da shi.

Daga nan tsutsar ta kwafi kanta cikin kwamfutar, ta rubuta sunanta a jerin abubuwan da ke tashi duk lokacin da aka kunna na'ura, sannan kowane daƙiƙa 30 ta leƙa ko an soka sabon filashi. Tana kuma tattara takardun Word da Excel da PDF ta ɓoye. Ta haka ko kwamfutar da ba a taɓa haɗawa da intanet ba, irin wadda wasu ofisoshi ke taƙama da ita, ba ta tsira ba, tunda filashi na shiga yana fita.

A nan ya kamata a bambance abubuwa biyu da suka haɗu a jikin irin wannan manhaja. Na farko tsutsa, wato ɓangaren da ke yaɗa kansa daga na'ura zuwa na'ura ba tare da wani ya zauna yana turawa ba. Na biyu ɓarauniyar ƙofa, ɓangaren da ke ba wani mutum daga nesa ikon umartar kwamfutar: ɗauko fayil kaza, goge kaza, sauke wata manhaja, aika saƙo. Tsutsa kaɗai ɓarna take yi ta wuce. Idan ta zo da ɓarauniyar ƙofa kuwa, mallakar na'urar ce ta canza hannu, ko da mai ita na zaune a gabanta yana buga wasiƙa.

Ta ina take shiga idan ba filashi?

Tsutsar da ta fi haɗari ba ta ma buƙatar a latsa komai. Kwamfutar da ke kan hanyar sadarwa tana da ƙofofi masu lamba har 65,535, kowace hidima da tata. Shafukan intanet kan bi ta 80, musayar fayiloli tsakanin kwamfutocin Windows kan bi ta 445. A bayan kowace buɗaɗɗiyar ƙofa akwai manhajar da ke karɓar saƙo, kuma ɗan Adam ne ya rubuta ta, don haka ba ta rasa kuskure. Kuskuren da ya fi shahara shi ne marubucin ya ware wa saƙo wuri ɗan daidai, ya manta bai sa a duba tsawonsa ba. Maharin ya aiko da saƙon da ya fi wurin, rarar ta malala ta hau inda kwamfuta ke ajiye bayanin umarnin da za ta bi na gaba. Rarar nan kuwa umarnin maharin ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Hausawa.

Da ta shiga, aikinta na farko shi ne ta fara ƙwanƙwasa adireshi barkatai tana neman wata na'urar mai irin wannan tsagar. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Tsutsar Slammer, wadda ta ɓulla ranar 25 ga Janairun 2003, girmanta bait 376 ne kacal, bai kai tsawon wannan sakin layi ba, amma a farkon tashinta yawanta na ninkawa kowane daƙiƙa takwas da rabi. Cikin kamar minti goma ta kama yawancin na'urori wajen 75,000 da ta harba.

Tun 1988 ake fama da tsutsotsi, lokacin da ta Robert Morris, ɗalibin jami'ar Cornell, ta durƙusar da kwamfutoci wajen 6,000 a Amurka. Amma salon ya sauya ne a 2001. A watan Agustan shekarar, Code Red II ta riƙa shiga manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet tana barin hanyar da kowa zai iya aiko da umarni, ba makulli ba kalmar sirri. Wata guda bayan haka, ranar 18 ga Satumba, Nimda ta fito, kuma cikin hanyoyin yaɗuwarta har da bi ta ƙofofin da Code Red II ta bari. Haka aka sake yi a 2004. MyDoom ta bazu ta imel a ƙarshen Janairu tana buɗe ƙofa mai lamba 3127 a duk kwamfutar da ta kama, bayan kamar makonni biyu sai ga Doomjuice, wadda ba ta wahalar da kanta da imel ba, ƙofar 3127 kawai take nema ta shige. Ɓarauniyar ƙofa ba ta san mai ita ba. Wanda ya fara buɗe ta yana iya zama yaro mai neman suna, wanda zai biyo baya kuwa ɓarawon banki.

Yadda umarni ke isowa

Da aka fara sa katangar tsaro mai tare baƙin saƙonni masu shigowa, sai masu tsutsa suka juya lissafi. Maimakon kwamfutar ta zauna tana jiran a ƙwanƙwasa mata, ita ce za ta fita ta nemi ubangidanta, tunda katanga ba ta cika hana fita ba. Na farko-farko zauren hira na IRC suke shiga su zauna, ubangidan ya rubuta layi ɗaya, dubban kwamfutoci su aiwatar. Haka Zotob ta yi a watan Agustan 2005, lokacin da ta birkita kwamfutocin CNN da ABC da jaridar New York Times. Kafin watan ya ƙare an kama wani matashi ɗan shekara 18 a Maroko da wani mutum a Turkiyya. Raunin wannan tsari a fili yake: a gano zauren, a rufe shi, rundunar kwamfutocin ta watse.

Conficker ce ta nuna wa duniya yadda ake toshe wannan rauni, kuma har yau duk mai son fahimtar lamarin sai ya bi ta kanta. Ranar 23 ga Oktoban 2008 Microsoft ya fitar da faci na gaggawa don wata tsaga a ƙofar 445. A ƙarshen Nuwamba tsutsar ta bayyana tana farautar waɗanda ba su sa facin ba. Kafin shekara ta ƙare an fito da sabon samfurinta mai ƙarin dabaru biyu, gwada jerin kalmomin sirri masu rauni a kan kwamfutocin ofis, da hawa filashi. Idan ta shiga sai ta kashe sabuntawar Windows, ta hana kwamfutar buɗe shafukan kamfanonin rigakafi, sannan ta toshe tsagar da ta shigo ta ciki don kada wata tsutsar ta zo ta yi mata kishiya. A watan Janairun 2009 ƙiyasin kwamfutocin da ta kama ya kama daga miliyan 9 zuwa miliyan 15. An ruwaito cewa jiragen yaƙin Rafale na sojojin ruwan Faransa sun kasa tashi na ɗan lokaci saboda ba a iya sauke musu tsarin tafiya ba. Majalisar birnin Manchester a Ingila ta yi asarar kimanin fam miliyan 1.5.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin karɓar umarni. Conficker ba ta da adireshi ɗaya da za a rufe. A cikinta akwai lissafin da ke ɗaukar kwanan wata ya haifar da sunayen shafuka 250 a kullum, haruffa ne kawai a cakuɗe marasa ma'ana. Kowace kwamfuta da ta kamu tana yin lissafin ta sami sunaye iri ɗaya, ta bi su tana leƙawa. Masu tsutsar suna da lissafin su ma, don haka duk ranar da suke da saƙo sai su yi rajistar suna ɗaya daga cikin na ranar, su ajiye umarni a can. Microsoft da hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet da kamfanonin tsaro suka haɗa kwamiti, suka warware lissafin, suka riƙa riga masu tsutsar kama sunayen. Microsoft ya kuma sa ladan dala 250,000 ga duk wanda ya taimaka aka kama su. Martanin bai daɗe ba: sabon samfuri mai haifar da sunaye 50,000 a kullum a ƙarƙashin ƙasashe fiye da 100, ya zaɓi 500 ya gwada, sannan kwamfutocin da suka kamu su riƙa miƙa wa juna umarni kai tsaye ba sai sun je wani shafi ba. Kuma kowane umarni sai yana ɗauke da sa hannun sirri na masu ita kafin a karɓa. Sun ga abin da ya sami MyDoom, ba su yarda wani ya ci guminsu ba.

An ƙayyade sabon tsarin zai fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2009. Jaridun duniya suka yi ta kururuwa, ranar ta zo ta wuce shiru, mutane suka yi dariya suka ce an tsorata su a banza. A ganina a nan aka ɗauki darasin a baibai. Kimanin mako guda bayan haka, ba tare da hayaniya ba, tsutsar ta sauke wa wasu kwamfutocin manhajar Waledac mai watsa saƙonnin banza, da wata rigakafin bogi da ke tsorata mutum ya biya dala 49.95. Mai runduna ba ya son kwamfutarka ta mutu. So yake ta yi ta aiki lafiya shekara da shekaru, kai kana biyan kuɗin wuta da na data, shi yana amfana. Saboda haka maganar nan da ake yawan ji, "ai kwamfutata tana aiki garau", ba shaidar komai ba ce.

Me ake yi da rundunar?

Haya ake ba da ita. Mai son watsa saƙon damfara ya biya, mai son satar kalmomin sirrin banki ya biya, mai son durƙusar da abokin gasa ya biya. Misalin na ƙarshen a nan Afirka ta Yamma ya faru. A 2016 tsutsar Mirai ta fito, ba kwamfutoci take bi ba, kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet take nema. Ba ta da wata dabara mai zurfi, jerin sunaye da kalmomin sirri sittin da 'yan kai ne da masana'antu ke sa wa na'urori, irin su admin da 12345, take gwadawa. Da wannan kaɗai ta tara na'urori har wajen 600,000. Bayan an watsa rubutun manhajar a fili, wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye ya gina tasa rundunar, wani babban jami'i a kamfanin sadarwa na Cellcom a Laberiya ya ɗauke shi aiki ya kai wa abokin gasarsu Lonestar hari. A watan Nuwamban 2016 ambaliyar saƙonnin ta yi yawan da intanet ya yanke wa babban ɓangare na ƙasar. A watan Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure Kaye shekara biyu da wata takwas. Masu kyamarorin da aka yi yaƙin da su suna ƙasashe daban-daban, kuma kyamarorinsu ba su daina nuna musu hoton ƙofar gida ba ko na minti ɗaya.

Wani lokaci kuma a fili ake cin mutum. Ranar 12 ga Mayun 2017 WannaCry ta kulle fayiloli a kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe 150, tana neman fansar dala 300. Kayan aikinta na hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ne, waɗanda wata ƙungiya mai suna Shadow Brokers ta watsa wata guda kafin nan: EternalBlue mai fasa ƙofar 445, da ɓarauniyar ƙofa mai suna DoublePulsar. Idan WannaCry ta tarar wani ya riga ya dasa DoublePulsar, ta ciki take wucewa abinta. Asibitocin gwamnatin Ingila sun soke ganin marasa lafiya kimanin 19,000, asarar ta kai fam miliyan 92. A watan Disamba Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa.

Wa zai share?

Masu binciken Sekoia sun gano cewa PlugX na da umarnin da ke sa ta goge kanta. Tunda adireshin na hannunsu, suna iya aika shi ga kowa. Ba su yi ba, domin aika umarni cikin kwamfutar mutum ba da izninsa ba kutse ne a idon doka, ko da da kyakkyawar niyya. Sai suka miƙa tayin ga hukumomin ƙasashe, kowace ta yanke wa kanta. A watan Yulin 2024, gab da gasar Olamfik, ofishin mai gabatar da ƙara na Paris ya sanar da fara aikin sharar a Faransa da wasu ƙasashen Turai. A watan Janairun 2025 ma'aikatar shari'ar Amurka ta ce FBI, da izinin kotu, ta goge tsutsar daga kwamfutoci kimanin 4,258. A Najeriya irin wannan shawara tana wuyan ngCERT ne, cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, tare da NITDA da NCC. Ko an yi sharar ma da sauran aiki, domin umarnin ba ya isa filashin da ke cikin aljihu ko durowa, kuma ranar da aka soka shi aka latsa shotkot, an koma gidan jiya.

Abin da ya fi ci mini rai a tarihin nan shi ne yadda magani ke riga cuta isowa. Facin da zai hana Slammer ya fito wata shida kafin ta ɓulla. Na Conficker wata guda, na WannaCry wata biyu. Ba rashin faci ya kayar da mutane ba, rashin sa shi ne. A wajenmu dalilan sanannu ne. Data na da tsada, wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar sabuntawa, kuma Windows ɗin da ke kan kwamfutoci da yawa ba na asali ba ne, don haka mai gyara da kansa yake kashe sabuntawa ya ce kada ta lalata aiki. Uzuri ne da ake iya fahimta ga ɗalibi. Ga ofishin da ke riƙe da albashin ma'aikata, ko sakamakon jarrabawa, ko bayanan marasa lafiya, ba uzuri ba ne.

Mai karatu, idan ka buɗe filashi ka ga alama mai kibiya a madadin fayilolinka, kada ka latsa. Ka kai wa wanda ya san aiki ya ciro takardun a kwamfutar da ke da rigakafi mai rai, a wanke filashin gaba ɗaya, a kuma duba duk kwamfutar da ya taɓa shiga. Takardar da za a buga maka a shago, tura ta ta imel ko WhatsApp, ka bar filashinka a aljihu. Kyamarar tsaro da na'urar rarraba intanet da ke gidanka ko shagonka, a canza musu kalmar sirrin da suka zo da ita tun ranar da aka ɗaura su. Shugabannin ofisoshi kuma su sa a ƙirga musu irin Windows ɗin da ke kan teburan ma'aikatansu. Microsoft ya daina kula da Windows XP tun 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, sannan wa'adin Windows 10 na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar da ta daina samun faci, ko dai a sauya mata manhaja, ko a cire ta daga intanet kuma a hana soka mata filashi.